Gwani Ko Mai Aiki: Wa Ya Kamata A Bi Wajen Tsara Manhajar Kwamfuta?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta, ko ya riƙe wayar hannu irin ta zamani, ya san cewa manhaja iri biyu ce. Akwai wadda mutum zai buɗe ya kama aiki nan take kamar dā ma sun saba, akwai kuma wadda zai yini yana lalube bai gano inda aka ɓoye abin da yake nema ba. Wannan hali na kayan aiki, watau yadda yake miƙa wuya ga mai sarrafa shi ko yake gagararsa, shi za mu riƙa kira sauƙin sarrafawa a wannan maƙala. Ba kyan gani ake nufi ba, ba kuma yawan abubuwan da manhaja take iyawa ba. Abin nufi shi ne, yaya saurin koyonta yake, yaya saurin aiki da ita bayan an koya, kuma sau nawa take jefa mutum cikin kuskure.

Kada mai karatu ya ɗauka maganar jin daɗi ce kawai. Tsakanin 1985 da 1987 wata na'urar gashin ciwon daji mai suna Therac-25, ƙirar ƙasar Kanada, ta zuba wa majinyata haske fiye da kima har sau shida, wasunsu suka rasu. Cikin dalilan da aka gano akwai cewa ma'aikatan da hannunsu ya faɗa suna gyara rubutun umarni da saurin da masu ƙirar ba su zata ba, ita kuwa na'urar sai ta fito da wata lamba a allo wadda ba ta bayyana wa ma'aikaci komai. Da yake sun saba ganin irin waɗannan lambobi kullum ba tare da wani abu ya faru ba, sai su danna a ci gaba.

To, tambayar da masu wannan sana'a suka daɗe suna gardama a kanta ita ce, idan za a tsara fuskar manhaja, maganar wa za a bi? Ta gwanayen da suka karanci halayyar ɗan Adam da ƙa'idojin tsari, ko kuwa ta jama'ar da za su yi aiki da ita dare da rana? Za a duba wannan tambaya ta hanyar bin abin da ya faru a Amurka, musamman a kamfanin Microsoft, domin a can ne aka gwada hanyoyin biyu a kan miliyoyin mutane, aka kuma ga sakamakon a fili.

Mafarin al'amarin

A farkon zamanin kwamfuta babu wannan gardama, domin mai ƙira shi ne mai aiki. Injiniya ne yake rubuta wa injiniya ɗan'uwansa, in abu ya yi wuya sai a ce mutum ya koma ya karanta littafin bayani. Sai a shekarun 1970, da aka fara tunanin ajiye kwamfuta a gaban akawu da magatakarda, sa'an nan matsalar ta fito. A cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto, wani masani mai suna Larry Tesler ya zaunar da wata sakatariya gaban allo, ya ce ta kwatanta masa yadda za ta so ta gyara takarda in da na'urar tana jin maganarta. Daga irin wannan zama ne shi da abokin aikinsa Tim Mott suka fito da tsarin yanke rubutu da kwafarsa da liƙa shi a wani wuri, wanda har yau da shi ake aiki.

Tesler ya koma kamfanin Apple a 1980, ya tafi da wannan ɗabi'a. Lokacin da ake gwada kwamfutar Lisa, wadda ta fito a 1983, an sa wa madannin amincewa kalmomin Ingilishi biyu, Do It, ma'ana aikata. Sai aka lura wasu daga cikin waɗanda ake gwaji da su suna ƙin danna shi, har wani ya fusata. Da aka tambaye shi, ashe a idonsa kalmomin biyu sun haɗe sun zama Dolt, watau dolo, yana ganin na'ura ce take zaginsa. Aka sauya madannin ya koma OK. Babu gwanin da ya hango wannan, kuma ba don sun kasa ilimi ba. Su sun san abin da suka rubuta, saboda haka idonsu ba zai taɓa karanta shi a karkace ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a nan sai da maginin ya zo ya tsaya a ɗakin ana ruwa kafin a san wurin.

A 1985 wasu masana biyu na kamfanin IBM, John Gould da Clayton Lewis, suka tattara wannan darasi cikin ƙa'idoji uku: a san masu aiki tun farkon tsari, a auna yadda suke aiki da samfurin abin, a yi ta gyara ana sake gwadawa. Abin mamaki a bincikensu shi ne, masu tsara manhaja da yawa sun ce ai waɗannan ƙa'idoji a bayyane suke, alhali kuwa da aka nemi su lissafa matakan aikinsu kaɗan ne suka ambace su.

Iyakar idon gwani

Gwaji da mutane yana cin kuɗi da lokaci. Saboda haka a 1990 wasu masana biyu 'yan ƙasar Denmark, Jakob Nielsen da Rolf Molich, suka gabatar da wata hanya mai araha. A ba gwani jerin ƙa'idoji, ya zauna shi kaɗai ya bi manhaja lungu-lungu yana neman inda ta saɓa musu. A 1994 Nielsen ya tace ƙa'idojin suka zama goma. Daga cikinsu akwai cewa manhaja ta riƙa sanar da mutum halin da take ciki, ta yi masa magana da harshen da ya sani, ta ba shi ƙofar fita in ya yi kuskure, kuma kada ta tilasta masa haddace abin da za ta iya nuna masa.

Amfanin wannan hanya a fili yake, amma su kansu masu ita sun auna ta sun faɗi iyakarta. A wani bincike da Nielsen ya buga a 1992, wanda ba gwani ba ya gano kimanin kashi 22 cikin ɗari na matsalolin wata manhaja, gwanin sauƙin sarrafawa ya gano kashi 41, wanda kuwa ya haɗa wannan gwaninta da sanin irin aikin da manhajar take yi ya gano kashi 60. Ke nan ilimi yana da rana, domin gwani ya kusa ninka na-gama-gari. Amma ke nan kuma gwani guda, in bai san sana'ar masu aikin ba, fiye da rabin matsalolin suna wuce shi.

A ɗaya ɓangaren, Nielsen da Thomas Landauer sun lissafa a 1993 cewa mutum guda da aka zaunar aka kalli yadda yake aiki yakan tono kimanin kashi 31 cikin ɗari na matsaloli, mutum biyar kuwa su tono kusan kashi 85. Daga nan ne maganar nan ta mutum biyar sun isa ta bazu, har wasu suka riƙe ta kamar doka, suka manta sharaɗinta, watau sai in mutanen iri ɗaya ne kuma aiki iri ɗaya suke yi. Molich ya ƙara jefa shakka a kan hanyoyin duka. A 1998 ya sa ƙungiyoyi tara, galibinsu na ƙwararru, su gwada manhajar wasiƙu ta Hotmail, kowacce ita kaɗai. Suka kawo matsaloli 310, amma kashi uku cikin huɗu na matsalolin ƙungiya ɗaya ce kaɗai ta gan su, kuma babu matsala ko guda da dukan taran suka haɗu a kanta. Wanda duk ya ce a bar wa gwanaye, ya kamata a tambaye shi, waɗanne daga ciki?

Kafin a ci gaba, akwai wani ruɗani da ya kamata a warware. In an ce a bi masu aiki, abu uku ake cakuɗawa. Akwai abin da mutum yake faɗa da bakinsa in an tambaye shi ko in ya kawo ƙorafi. Akwai abin da ake gani yana yi in an zauna kusa da shi an yi shiru. Akwai kuma ƙidaya, watau manhaja ta riƙa lissafa abin da dubban mutane suke dannawa tana aika wa kamfani. Waɗannan uku sau da yawa ba sa jituwa. A watan Satumba na 2006 Facebook ya fito da shafin nan da yake jero wa mutum labarin abokansa. Dubban ɗaruruwan ɗalibai suka shiga ƙungiyar adawa da shi cikin 'yan kwanaki, har Mark Zuckerberg ya ba da haƙuri ya ƙara hanyoyin ɓoye sirri. Amma bai cire shafin ba, domin ƙidaya ta nuna masa mutane sun ƙara yawan zama a kai, ita kanta ƙungiyar adawar ma ta cikin shafin labarinta ya yaɗu. Baki ya ce a'a, yatsa ya ce i. Ko yawan zaman alheri ne ga mai zaman, wannan wata tambaya ce da ƙidaya ba ta amsawa.

Labarin Office 2007

Manhajar rubutu ta Word ta fito a kan Windows a 1989 da layukan madannai biyu kacal. Kowace sabuwar fitowa sai an ƙara mata abubuwa, domin abokan ciniki suna nema, kuma da yawan abubuwa ake cin kasuwa. Kafin a kai Word 2003 layukan madannai sun zama 31, umarnin da ke cikinta sun haura dubu. In ana neman misalin abin da bin bakin jama'a kaɗai yake haifarwa, ga shi nan: kowa an ba shi abin da ya roƙa, aka tara kaya har dambu ya yi yawa ya daina jin mai. Ma'aikatan kamfanin sun ba da labarin cewa da yawa daga cikin abubuwan da mutane suke roƙo a ƙara, suna nan cikin manhajar tun tuni, ba su gan su ba ne kawai.

An yi ƙoƙarin magance wannan sau biyu, duka biyun dabarar gwanaye ce, duka biyun kuma ba su yi nasara ba. A Office 97 aka kawo wani ɗan zane mai siffar maƙalin takarda da yake leƙowa yana ba da shawara. Ya ishi mutane, aka kashe shi a fitowar 2001 sai wanda ya kunna da kansa, aka cire shi ɗungum a 2007. A Office 2000 kuma aka sa jerin umarni ya riƙa ɓoye abin da mutum bai cika amfani da shi ba. A takarda dabara ce mai kyau. A aikace kuwa sai ta hana hannu sabawa, domin abin da yake na uku yau gobe ya koma na biyar, kuma wanda yake neman abin da bai taɓa amfani da shi ba dole ya duba jeri sau biyu.

Da aka zo shirin Office 2007, ƙungiyar da Julie Larson-Green take jagoranta, tare da Jensen Harris, ta sami wani makami da na baya ba su da shi. An sa wa Office 2003 wani tsari wanda, in mutum ya yarda, yake aika wa kamfani lissafin umarnin da ya danna. Harris ya bayyana cewa sun tara bayanin zaman aiki fiye da biliyan ɗaya da miliyan ɗari uku. Kafin wannan, in ji shi, yawancin shawarwarin inda za a ajiye madanni kintace ne. Ƙidayar ta nuna cewa umarni biyar ne suka fi kowanne aiki a Word: liƙawa, adanawa, kwafa, janye abin da aka yi, da kaurara rubutu. Su biyar ɗin sun kwashe kimanin kashi 32 cikin ɗari na dukan abin da ake dannawa, liƙawa ita kaɗai ta haura kashi 11. Wasu a kamfanin sun zaci ba a bukatar madannin liƙawa a fili tunda kowa ya san gajeriyar hanyarsa a allon rubutu, sai lissafi ya nuna madannin yana cikin waɗanda aka fi dannawa. Shi ya sa har yau yake zaune babba a kusurwar hagu ta sama.

Amma a lura da wani abu. Ƙidayar ba ita ta zana sabon tsarin ba. Babu wani abokin ciniki da ya rubuto ya ce a rushe jerin umarni da layukan madannai a maye gurbinsu da faffaɗan zirin nan da aka kira Ribbon, inda aka kasa umarni rukuni-rukuni bisa ga aikin da mutum yake yi. Wannan tunanin masu tsari ne. Ƙidaya ta gaya musu abin da ya fi yawa, ta kuma gaya musu umarnin da yakan biyo bayan wani, amma yadda za a shirya su hukunci ne na gwani. Hasali ma ba su bi yawan dannawa sau da ƙafa ba, domin da sun jera umarni daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci da an sami tsarin da ba shi da kai ba shi da gindi. Bayan 'yan umarnin farko, sauran duk kusan kunnen doki suke yi, kowa da 'yan abubuwan da ya dogara da su waɗanda maƙwabcinsa bai taɓa taɓawa ba.

Da manhajar ta fito ga jama'a a watan Janairu na 2007, tsofaffin hannu suka yi ca. Mutumin da ya shekara goma yana aiki ba ya ko duban allo, rana ɗaya ya koma ɗan koyo, kuma kamfanin ya ƙi barin hanyar komawa tsohon tsari. Har wasu ƙananan kamfanoni suka sami kasuwa ta sayar da 'yar manhajar da take maido da tsohon jerin umarni. Microsoft ya tsaya a kan bakansa game da zirin, zirin kuma ya zauna, har wasu kamfanoni suka kwaikwaye shi. A nan gwanaye sun yi daidai da suka jure ihun farko, domin kaso mai yawa na ihun kukan sabo ne, kuma sabo yakan sake ginuwa.

Sai dai a wurare biyu masu ƙorafi ne suka yi gaskiya, kuma Office 2010 ya gyara. Na farko, an tattara buɗe takarda da adanawa da bugawa a ƙarƙashin wani zagayayyen tambari a kusurwa, mutane da yawa suka ɗauka ado ne ba madanni ba. Aka maido da kalmar File a rubuce. Na biyu ya fi ban sha'awa. Ƙidaya ta nuna cewa ƙasa da kashi 2 cikin ɗari na zaman aiki ne aka ga mutum ya sake wa layukan madannai tsari da kansa, saboda haka aka hana sake tsarin zirin. Lissafin daidai ne, fassararsa ce ta karkace. Kashi biyu na ɗaruruwan miliyoyi jama'a ce mai yawa, kuma su ne waɗanda ake kira a ofis in abu ya cije, su ne masu koya wa saura. Wanda ya ɓata musu rai ya ɓata wa ofis duka.

Madannin Start

Abin da ya faru da Windows 8 ya fi wannan tsanani, kuma mutanen da suka yi nasara a Office suna cikin waɗanda suka jagorance shi. Shi madannin Start ɗan gwaji ne tun asalinsa. Lokacin shirin Windows 95 an zaunar da mutane gaban tsohon tsari aka ga sababbin shiga suna ɓata mintoci ba su iya buɗe manhajar rubutu ba. Aka yi musu madanni guda a kusurwa. Da fari an rubuta masa System, mutane suka ƙi taɓa shi, da aka rubuta Start sai suka nufe shi kai tsaye.

Bayan shekara goma sha bakwai kamfanin ya cire shi. Hujjar da aka bayar ita ce ƙidaya ta nuna amfani da jerin Start ya ragu tun da Windows 7 ya ba mutane damar maƙala manhajojinsu a layin ƙasan allo. Windows 8 ya fito ran 26 ga Oktoba 2012 da wani allo na manyan murabba'ai masu launi wanda ya fi dacewa da taɓawa da yatsa, aka kuma ɓoye muhimman umarni a gefunan allo, sai wanda ya san da su zai kai hannu can. Masu gwajin farko sun yi ta ƙorafi tun fitowar samfurinsa a 2011, ba a saurare su ba, wataƙila don an tuna cewa haka aka yi ihu a kan zirin Office kuma ya wuce.

Kurakuran da ke cikin wannan karatu na ƙidaya sun cancanci a tsaya a kansu. Raguwar amfani da abu ba ita ce rashin bukatarsa ba. Mutum yana iya wata guda bai buɗe akwatin maganin gidansa ba, amma ranar da ya nema bai gani ba zai san an yi masa ɓarna. Jerin Start wurin komawa ne in an ɓace, kuma irin wannan wuri darajarsa ba ta cikin yawan ziyara. Har wa yau, tsarin aika lissafin sai wanda ya yarda, manyan ma'aikatu kuwa da ƙwararrun masu aiki sukan kashe shi, don haka waɗanda abin zai fi shafa ba su cika fitowa a lissafin ba. Sa'an nan akwai abin da ba a faɗa da ƙarfi ba: iPad ya fito a 2010 yana cin kasuwa, kamfanin yana son tsari guda da zai hau kwamfutar tebur da ta hannu. A ganina an riga an yanke shawara saboda kasuwa, aka nemo lissafin da zai mara mata baya. Wannan ba bin gwanaye ba ne, ba kuma bin jama'a ba ne, ko da yake an ari rigar duka biyun.

Abin lura shi ne, a wannan karo gwani na waje da jama'a bakinsu ya zo ɗaya. A watan Nuwamba na 2012 Nielsen ya zaunar da mutum 12 da suka saba da kwamfuta ya gwada su da sabon tsarin, ya bayyana cewa ɓoyayyun umarni da zama da fuska biyu a na'ura guda suna wahalar da sabon shiga da tsohon hannu baki ɗaya. A cikin watan ne Steven Sinofsky, shugaban sashen Windows, ya bar kamfanin. Aka maido da madannin a Windows 8.1 a watan Oktoba na 2013, aka maido da jerin kansa a Windows 10 a watan Yuli na 2015. Abin da mutum goma sha biyu suka nuna cikin 'yan kwanaki, sai da aka shekara kusan uku kafin a gama gyara shi.

To, me ya bambanta ihun 2007 da na 2012, tunda daga nesa duk ihu ne? Bambancin ba ya jiyuwa a kunne, sai an kalli hannu. Wanda yake kuka da zirin Office, in aka dawo bayan 'yan makonni akan tarar ya ci gaba da aikinsa. Wanda yake kuka da Windows 8 a kwamfutar tebur, ko ya koya, kullum sai an fizge shi daga takardar da yake kai an rufe masa allo duka don kawai yana neman wata manhaja. Na farko ciwon sauyi ne, na biyu aibi ne a jikin tsarin. Mai ƙorafi da kansa ba kasafai yake iya rarrabe su ba, domin zafinsu ɗaya ne a ranar farko. Wannan rarrabewa ita ce ainihin aikin gwani, kuma ba ya iya yinta daga kan kujerarsa.

Inda masu aiki suke da ikon ɓallewa

A duniyar manhajar da ake bayarwa kyauta tare da asalin rubutunta, gardamar ta ɗauki wani salo. Masu tsara GNOME, ɗaya daga cikin fuskokin Linux, sun zaɓi tun fitowar 2002 su rage yawan zaɓuɓɓuka, bisa hujjar cewa kowane zaɓi da aka ƙara nauyi ne a kan mai koyo da mai gyara, kuma sau da yawa hanya ce ta guje wa yanke shawara. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya zarge su a 2005 da ɗaukar masu aiki tamkar marasa wayo. Da GNOME 3 ya fito a watan Afrilu na 2011 da sabon tsari gaba ɗaya, waɗanda ba su gamsu ba suka ɗauki tsohon rubutun suka ci gaba da shi da sunan MATE, wasu kuma suka gina Cinnamon. A 2013 GNOME ya ƙara wani yanayi mai kama da tsohon tsari. Sai dai masu ƙorafi a irin wannan fage galibinsu masu rubuta manhaja ne. Mutumin da ya gwada Linux ya rikice ya koma inda ya fito ba ya rubuto wa kowa, saboda haka in an ce jama'a sun ce, waɗanda suka tsira ne suke magana.

Haruffa masu lanƙwasa

Wannan batu na wanda ba ya cikin lissafi ya shafe mu kai tsaye a matsayinmu na ɗaliban Hausa. Tun shekarun 1930 aka shigar da ɓ da ɗ da ƙ cikin rubutun boko, kuma kowa ya san aikinsu: su suke raba baki da baƙi, kafa da ƙafa, fada da faɗa. Amma allon rubutun da yake zuwa da yawancin kwamfutoci na Ingilishi ne ko na Faransanci, a waya kuma, ko da akwai tsarin Hausa, sai mutum ya shiga ya nemo shi ya kunna. Saboda haka ɗimbin Hausar da ake rubutawa a intanet babu lanƙwasa a cikinta.

A ce wani kamfani ya ƙidaya wannan rubutu don ya san abin da Hausawa suke bukata. Lissafi zai gaya masa ba su damu da waɗannan haruffa ba, alhali abin da ya auna shi ne wahalar samunsu. In kuma ya tambayi masu rubutun, da yawa za su ce ai ana ganewa haka nan, kuma gaskiya ne mai harshe yakan gane daga muhallin magana. Masanin harshe ne zai ce a dakata, domin shi ya san yaro mai koyon karatu da baƙo mai koyon harshen ba su da wannan gata, haka ma manhajar da take karanta wa makaho rubutu da murya. Amma shi ma masanin, in aka bar shi ya tsara allon shi kaɗai, yana iya ajiye ƙ a inda sai an danna sau uku kafin a same ta, ko ya fassara umarnin manhaja da kalmomin da babu mai faɗarsu a Kasuwar Kurmi. Ko tsarinsa ya yi ko bai yi ba, ba za a sani ba sai an miƙa wayar ga mai sayar da atamfa an ce ta rubuta wa ƙanwarta saƙo, a koma gefe a ga ko babban yatsanta zai sami harafin.